Gishiri a Man Bindigar Baba

Ni ba maharbiya ba ce, tun da uwata ta haife ni ban taɓa ɗana kunamar bindiga ba. Amma in maganar man da ake shafa wa bindiga ce, to a matsa a ba ni wuri. Shekara bakwai ina yi wa bindigar mahaifina mai, kuma ni ce na kashe ta da hannuna. Ba bindigar ce ke hana ni sukuni ba, ƙarfe ne da itace. Abin da ya biyo bayanta ne ya daɗe yana cina.

Lokacin Turawa ba su tafi ba tukuna, ana dai ta raɗe-raɗin sun kusa. Muna zaune a wata 'yar unguwa gefen Tafoki, ni da Baba, mu biyu rak. Mahaifiyata ta rigaya, yayyena maza biyu ƙyanda ta ɗauke su tun ban yi wayo ba. Ni kuma na dawo gida daga Ƙanƙara bayan mijina ya rasu, ba ɗa ba jika, danginshi suna bina da kallon mai farar ƙafa. Ba su faɗa a gabana ba, amma ai ina da kunne. Na tattara 'yan kwanonina na dawo, na kama sana'ar uwata, man gyaɗa da ƙuli-ƙuli.

Baba maharbi ne na gado. Bindigarshi ta toka ce, doguwa, ta kakana, ƙotarta ta yi baƙi ta yi sulɓi saboda hannu. Mutum ne mai tsantseni da saurin hawa, ga harshe kamar ma'auni. Miya in gishiri ya ɗan zarce, sai ya ture akushin ya ce, “Ke, fataken gishiri ne suka sauka gidan nan?” In ya kasa kuma ya tambaye ni ko makoki muke. Na sha kuka a bayan murhu saboda harshen nan nashi, amma ban taɓa kama shi da kuskure ba.

Kowace Juma'a da hantsi yakan shimfiɗa buzu a zaure ya wanke bindiga, ko ya harba ta a satin ko bai harba ba. Ni ke kawo tafasasshen ruwa. Sai ya toshe ɗan ramin da wuta ke shiga da ƙaya, ya tsiyaya ruwan ta baki, ya girgiza, ya zubar. Na farko baƙi ƙirin yake fitowa, da warin ruɓaɓɓen ƙwai. Haka zai yi ta yi har ruwa ya fito garau. Ya naɗa tsumma a sandar ɗuri ya goge cikin, ya kifa ta a rana ta sha zafi har hannu ya kasa taɓawa. Zobban jan ƙarfen da ke jikinta kuwa da tsamiya da toka yake dirje su. Yakan ce dattin albarushi makwaɗaici ne, ruwa yake jawowa daga iska, in ka bar shi ya kwana to ka ba tsatsa masauki.

Sai maganar mai, a nan Baba ba ya jin kira. Man shanu, in ji shi, tsami yake yi ya tara kiyashi. Man ja danƙo yake zama, ya riƙe kunama a ranar da kake tsaye gaban gadu. Man kaɗe na itace ne, a shafa wa ƙota kada ta tsage, amma a cikin bindiga daskarewa yake da sanyi. Kananzir kuwa, ya yarda yana sassauta tsatsa, sai dai yana bushewa ya bar ƙarfe tsirara. Abu ɗaya ya aminta da shi, man gyaɗa. Shi ma ba kowanne ba.

Duk mai yin ƙuli ta san yadda abin yake. Ki soya gyaɗa, ki murje, ki sheƙe, ki niƙa, ki zuba a turmi kina murzawa da taɓarya kina yayyafa ruwan zafi har mai ya taso. Bayan kin kwashe shi ne ake zuba wa tunkuza gishiri, a mulmula, a soya a cikin man. To man Baba shi ne ludayin farko, wanda bai taɓa ganin gishiri ba. In ɗora shi a wuta shi kaɗai har ya daina ƙara, alamar ruwa ya fita, in tace da farin ƙyalle, in bar shi a ƙoƙo ya kwanta. In na kawo, kafin ya taɓa ƙarfe sai Baba ya tsoma ƙaramin yatsa ya ɗora a harshe, ya lumshe ido. Ni kuwa ina durƙushe ina jira. In ya ce “Madalla,” sai ya ɗauki gashin zabo ya fara shafawa.

Wannan “madalla” ita ce duk abin da na mallaka a duniya a lokacin, ba ƙari na yi ba. Baba ba ya yabon mutum, amma a gaban maharba 'yan'uwanshi yakan ɗaga bindigar ya ce, “Ku leƙa cikinta. Man ɗiyata ne.” Har daga Sabuwa an taɓa aiko da kwalba a ce in zuba. Matar da aka ce ƙafarta ba ta da albarka, ga hannunta ana nema daga wani gari. Ku da kanku kun san yadda zan riƙe abin.

Mutum ɗaya ne ke iya ja da Baba a kan mai ya kwana lafiya, shi ne amininshi, wanda nake kira Baba Tela. Tare aka yi masu kaciya, tare suka yi kiwon awaki. Shi ya shiga soja zamanin yaƙin Turawa, ya dawo da tari da keken ɗinki, ya kafa rumfa a kasuwar Sheme. Gajere ne mai yawan dariya. Duk Juma'a sai ya zo da sanyin safiya ya zauna gefen buzu, a gama wankin bindiga su wuce masallaci tare. Kuma duk Juma'a sai an yi wannan musun.

“Maharbi, har yanzu man miya kake ba baiwar Allah nan? Saura daddawa da barkono.”

“Rufe mana baki, Soja. Bindigar da kuka riƙe ta aro ce, ku harba ku mayar. Wannan ta ga ubana ta ga kakana.”

“To ai shi ya sa nake tausayinta. Ga mai nan na ƙarfe, an yi shi don ƙarfe. Kekena shekara nawa, ka taɓa jin ya yi tari?”

“Shi bai yi ba, mai shi ne ke yi.”

Sai su ƙyalƙyale, Baba Tela ya yi ta dariya har tarin ya turnuƙe shi. Yana da wani ɗan gwangwani mai dogon baki, na man keken ɗinki, kullum yana aljihunshi. Ya fito da shi ya ajiye gefen buzu, Baba ya ture da ƙafa. Shekaru ana haka. Ban taɓa jin Baba ya yi dariya da wani mahaluki ba in ba shi ba.

Wata bazara zazzaɓi ya kwantar da Baba, kwana goma sha wani abu, da mura mai toshe hanci. Ya tashi, Alhamdu lillahi, sai dai ya tashi da wani sabon hali. Duk abin da na ajiye mashi sai ya cinye shiru. Ba tura akushi, ba maganar fatake. Na ce a raina, oho, ciwo ya yi wa tsoho tarbiyya. Har daɗi na ji, wawuya da ni.

Da ruwan farko ya sauka, Baba yakan jingine bindiga sai kaka, saboda aikin gona da laimar da ke lalata albarushi. Wankin ranar ya fi na kullum. Ana cika cikinta da mai sosai, a toshe baki da auduga, a naɗe ta da fata a rataye, ba mai sake taɓawa har wata huɗu. A wannan shekarar na yi man tun ranar Laraba, na ɗora ƙoƙon a kan katanga ya kwanta. Ranar Juma'a da safe na fito, sai ga ƙoƙo a kife a ƙasa, wata jar akuya tamu tana lasar baki. Ƙasa ta shanye shi tas.

Na tsaya hannu a ka. Ba soyayyar gyaɗa a gidan, kuma ko akwai, aikin yini ne. Ga Baba daga zaure yana ƙwala kira, “Ina man? Ƙarfe na hucewa!” Ga muryar Baba Tela yana tsokanarshi. Abin da ya kamata in yi bai fi taku goma ba, in je in durƙusa in ce akuya ta zubar, a bari sai Juma'a mai zuwa. Faɗa zan sha, ba yanka ni za a yi ba. Amma in sha faɗa a gaban baƙo, a kan man da ake yabona da shi? Sai idona ya faɗa kan kaskon da na soya ƙuli jiya. Na ɗebi man da ke sama, na tace sau biyu da ƙyalle, na ɗaga shi a rana. Garau yake, wallahi, ba ka ce ba. Na ce a raina, ai zai ɗanɗana. In da gishiri zai ji, ya koro ni, shi ke nan ban cuci kowa ba.

Na kai. Ya tsoma yatsa, ya ɗora a harshe, ya lumshe ido kamar kullum.

“Madalla.”

Na sauke ajiyar zuciya. Na ce to, harshen Baba ba ya ƙarya, ashe gishirin bai ƙetare ƙyalle ba. Ina nan durƙushe ya tsiyaya man a cikin bindiga, ya juya ta, ya toshe.

A ranar ne kuma, don ƙaddara, ya sakko wa amininshi. Ban san ko ciwon ne ya tausasa mashi zuciya ba. Baba Tela ya ajiye gwangwani kamar yadda ya saba, maimakon ya ture sai ya ce, “Kawo nan, ka ishe ni. Ɗigo uku, a kunama kaɗai.” Baba Tela ya miƙe tsaye yana tafi yana cewa in zama shaida. Aka ɗiga, Baba ya ja kunama ya saki, ta yi ƙas, laushi kamar ba ita ba. Ya taɓe baki ya ce ba laifi. Baba Tela ya ce ya bar mashi gwangwanin kyauta, tukwicin shiriya.

Damina ta yi kyau. Ni dai lokaci-lokaci in na shiga share ɗakin Baba nakan ɗaga kai in dubi naɗin fatar nan a rataye, man kaskon nan ya faɗo mani a rai. Sai in tuna “madalla,” in ci gaba da sharata.

Dawa ta fara nuna, gadu suka shigar mana gona suka yi ɓarna. Da safe Baba ya sauke bindiga, ya kwance fata, ya zare audugar. Ta fito ja, kamar an tsoma ta a jar ƙasa. Ya kifa bakin a tafin hannu ya bubbuga, sai ga ɓarɓashi yana zubowa. Ya sa tsumma, ya fito ja. Ya sa kananzir ɗin da yake rainawa, ya dirza har gumi ya jiƙa mashi riga. Ina leƙe ta bayan zana.

Washegari kasuwar Sheme ke ci. Ya saɓa bindiga a naɗe, na ɗauki tallata, muka tafi. Maƙerin da ke gyaran bindigogi ya cire ƙota, ya toshe ƙasa, ya hura ta baki, ya ɗora yatsa a wani wuri kusa da gindi. Ya nuna wa Baba wani ɗan rami kamar hudar allura. Ya ce, “Baba, sai haƙuri, ta tafi. Ta ciki ta cinye. In ka ɗura mata albarushi, hannunka za ta ɗauka.”

Baba ya daɗe yana kallon ramin. Sannan ya naɗe ta, ya nufi rumfar Baba Tela, ni ina biye da faifan ƙuli a ka. Yana isa ya zaro gwangwanin nan daga aljihu ya wurga a kan keken ɗinki.

“Ga tsiyarka! Shekara nawa kana bina sai da ka ga bayanta. Bindigar ubana, Soja! Hankalinka ya kwanta?”

Kasuwa ta yi tsit ta wajen. Baba Tela ya tashi a hankali, ya ce a ba shi ya gani. Ya ja kunama ya saki, ta yi ƙas, lafiyarta ƙalau, ko ɗigon tsatsa babu a wurin. Ya ce, “Maharbi, ai nan kaɗai muka ɗiga.” Baba ya ce ta ramin wuta ya zurara, mai ne marar kunya kamar mai shi. Audugar nan ja tana cikin naɗin fatar. Baba Tela ya ɗauka, ya shinshina, ya ɗan taɓa ta da harshe.

Sai ya ɗago ya dube ni. Ba harara, ba komai, kallo ne kawai, bai fi ƙiftawa biyu ba. Na so ƙasa ta tsage. Bakina ya buɗe, na rantse da Allah ya buɗe, amma ba abin da ya fito. Ya mayar da audugar, ya miƙa wa Baba bindigarshi da hannu biyu.

“Na ji. Laifina ne, Maharbi. Ka yi haƙuri.”

“Riƙe haƙurinka. Kada ƙafarka ta sake taka zaurena.”

Haka aka yi. Sallama dai ba su daina ba, don tsoron Allah. In sun haɗu a masallaci wannan ya ce salamu alaikum, wancan ya amsa, kowa ya nemi sahunshi. Amma Juma'a ta mutu a gidanmu. Baba ya rataye bindigar, ya ƙi sayen wata, ya ce shi ba ya riƙe baƙuwa. Maharba suka daina biyowa. Yakan zauna a zaure da hantsi hannu a gwiwa, yana kallon hanya, in ya ga na lura sai ya hau ni da faɗan banza. Ya rame, wuyan rigarshi ya yi mashi yawa. Kuma abin da ya fi ci mani rai, in maganar ta taso a gaban mutane sai ya ce, “Shekara bakwai man ɗiyata bai taɓa cin amanata ba, rana ɗaya na saurari wani.” Ina ji, ina sunkuyar da kai, mutane na zaton kunya ce.

Sau nawa na shirya maganar? Na shirya ta a bakin rijiya, na shirya ta a kan dutsen niƙa. In na zo gabanshi sai in tambaye shi ko a kawo fura. Tsoro ne, ba wani abu ba, da son kai. Na fi son a ci gaba da cewa hannuna na da albarka, ko da tsofaffi biyu za su ƙare a haka.

Sai a tsakiyar damina ta biyu na iya zuwa rumfar Baba Tela. Na fake da ɗinkin riga. Na tarar da shi ya zube, tarin ya ci ƙarfinshi, ƙafa ɗaya ke taka keke da ƙyar. Ya ga ni ya washe baki, “A'a, ɗiyata! Yaya mutumin? Yana cin abinci?” Na durƙusa, kuka ya ƙwace mani. Na ce, “Baba Tela, man kasko ne. Akuya ce ta zubar da nashi, na...”

“Na sani. Tashi, mutane na kallo.”

“Zan gaya mashi yau.”

“Kul. Ni ina da 'ya'ya cike da gida, in ya yi fushi da ni akwai mai kawo mani ruwa. Shi wa gare shi in ba ke ba? Bar shi ya huce a kaina, na saba da bakinshi tun muna tsirara.”

Ya jujjuya ƙyallen da na kawo. Sai ya ce, “Ranar nan, ina zaune ya ɗanɗana man, ko idona ne?” Na ce ya ɗanɗana, har ya ce madalla. Ya girgiza kai a hankali ya ce, “Allah sarki, Maharbi.” Ban gane abin da yake nufi ba. Na dai kama “kul” ɗin nan da hannu biyu, don ta yi mani daɗi. An ba matsoraciya izini ta ci gaba da tsoro.

Baba Tela bai ga kakar shekarar ba. Da hantsi wani ɗan kasuwa ya tsaya a ƙofar gida ya faɗi rasuwar. Baba yana gyaran fartanya, ya ajiye ta, ya ce Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, ya nemi takalmanshi ya rasa, alhali suna ƙafarshi. Ya je jana'iza. An ce mani shi ya shiga kabari ya karɓe shi, ba wanda ya iya hana shi. Ya dawo bai ci komai ba.

Ranar sadakar uku na shiga cikin gidan Baba Tela wurin matan. Da zan fito uwargidan marigayin ta kama hannuna, ta danƙa mani wani abu a ƙulle cikin ƙyalle. Ta ce, “Ya ce a ba Maharbi. Ya ce nashi ne, kyauta ba ta komawa.” Tun kafin in kwance na ji dogon bakin gwangwanin a tafina.

Bayan la'asar na sami Baba a zaure. Na ajiye gwangwanin a gabanshi, na faɗi saƙon. Sannan, kafin tsoro ya sake kama ni, na faɗi sauran. Akuya, kasko, ƙyalle, duka. Na faɗa mashi Baba Tela ya sani tun ranar kasuwa, ya ɗauki laifin don ni. Na gama na dafe ƙasa ina jira. Wallahi so nake ya zage ni, ya ɗauki sanda, ya kore ni. Da ya yi da na ji sauƙi.

Sai ya ce, “Tun zazzaɓin nan, tuwo da ƙasa ɗaya ne a bakina.”

Na ɗago.

“Ba na jin gishiri, ba na jin zuma. Ranar nan yatsa kawai na lasa, don kada ku gane, ke da shi.” Ya ɗauki gwangwanin yana juyawa. “Da maƙeri ya nuna mani ramin, na san gishiri ne. Tun ina yaro nake ganin tsatsa, na san ta ruwa na san ta gishiri. To in na ce gishiri ne, sai a ce ina harshen da kake taƙama da shi? Kuma sai in juyo in dube ki.” Ya ajiye gwangwanin. “Sai na nemi wanda na san ba zai rama ba.”

Ban taɓa ganin hawayen Baba ba, ko ranar da aka fita da mahaifiyata. Ranar na gani, suna bin gemu suna ɗiga a riga, bai share ba. Ya ce kullum yana cewa Juma'a mai zuwa zai tafi Sheme, ya zauna a rumfar, ba sai an ce komai ba. Juma'a nawa ke cikin shekara biyu? Muka zauna, shi a kan buzu ni a bakin ƙofa, kowa da nashi kason. Ban ce ya yafe mani ba, shi ma bai ce in yafe mashi ba. Wanda ya kamata mu roƙa yana ƙarƙashin ƙasa kwana uku.

Juma'ar da ta biyo, da hantsi, na ji ya ce in ɗora ruwa. Na zaci ban ji daidai ba. Na kawo, na tarar ya shimfiɗa buzu, ya sauke matacciyar bindigar nan, ya matsa gefe guda ya bar rabin buzun fili. Ya wanke ta kamar yadda ya saba, ruwa na tsiyaya ta ɗan ramin da tsatsa ta huda yana jiƙa mashi gwiwa. Ya goge, ya shanya. Bai tambaye ni man gyaɗa ba, ni ma ban kawo ba. Ya ɗauki gwangwanin, ya ɗiga uku a kunama. Ya ja, ya saki. Ta yi ƙas.

Ya ce, “Man nan ba shi da laifi.”

Na ce, “Na sani, Baba.”

Ya ce, “Ba da ke nake ba.”